Masu Ɗibar Ruwan Baya: Aikin Gane Sanƙarau a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

A ƙasar Funtuwa da Malumfashi, asibiti ma yana da nasa lokutan shekara, kuma suna tafiya ne tare da na gona. Daga Agusta zuwa Oktoba, sa'adda masara ke nuna auduga ke buɗewa, zazzaɓin cizon sauro ne ke cika gadaje da yara masu neman ƙarin jini. Idan aka gama kai amfani gida, motoci suka yi ta lodin buhuna a kasuwannin Ɗandume da Bakori, sai iskar hunturu ta taso da ƙurarta, leɓɓa su tsattsage, tari da mura su game gari. Daga nan ne malaman asibiti ke fara lura da wuyan duk wanda aka kawo da zazzaɓi. Haka za su zauna har bazara ta kankama a Maris da Afrilu, lokacin da sanƙarau ya fi ɓarna, kuma hankalinsu ba ya kwanciya sai ruwa ya sauka.

Gane wannan ciwo da yi masa magani ba a hannun mutum ɗaya yake ba. Akwai malamin asibitin ƙauye, wanda ya yi shekara uku a makarantar koyon aikin lafiya irin ta Kankiya, aka tura shi wani asibitin sha-ka-tafi a ƙasar Ƙafur ko Ɗanja da littafin ƙa'idojin aiki a hannu. Yawanci shi ke fara ganin majinyaci. Akwai nas da likita a Babban Asibitin Funtuwa ko na Malumfashi, akwai mai ɗakin gwaji, sannan akwai jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, mai yawo kan babur yana tattara rahoto. Idan ɗaya ya yi sakaci, wahalar sauran ta tashi a banza. Dukkansu kuma lokaci ne ke korarsu, domin ciwo ne da kan kwantar da yaro da safe, kafin wata safiyar an yi masa sutura.

Ƙwaƙwalwa da lakar da ta gangaro cikin ƙashin baya a naɗe suke cikin tantani hawa uku, da wani ruwa garai-garai yana kewaya su. A jikin mai lafiya babu ƙwayar cuta ko ɗaya a ruwan nan. Sanƙarau yana samuwa ne idan bakteriya ta tsallaka daga maƙogwaro ta shiga jini, daga jini ta faɗa ruwan. Can ba ta samun mai tare ta da wuri, sai ta yi ta hayayyafa, sojojin jiki su iso a makare, ruwa ya koma mugunya, ƙwaƙwalwa ta kumbura a cikin ƙoƙon kan da ba ya buɗawa. Iri uku ne suka fi yin wannan ɓarna. Meningokokas ita ce mai zuwa da annoba. Nimokokas, wadda ke kawo limoniya, ba ta cika tayar da gari ba amma ta fi kisa, kuma ta fi samun masu sikila da yaran da kunnensu ya daɗe yana zubar da mugunya. Ta ukun, Hib, ta ƙananan yara ce, ta kuma ja baya tun da aka sa rigakafinta cikin allurar jarirai a 2012. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin mutum shida da sanƙarau na bakteriya ya kama, ɗaya ke mutuwa, cikin biyar kuma ɗaya ke tashi da naƙasa.

Gwanin wannan aiki yakan fara bincike tun daga bakin ƙofa. Yana duba yadda aka shigo da majinyaci: da ƙafarsa ya tako ko ɗauko shi aka yi, yana kare ido daga haske ko a'a, idan an kwantar da shi ya miƙe ko ya duƙunƙune ta gefe guda kai ya karye baya. Sai tambayoyi. Yaushe zazzaɓin ya fara? Ya yi amai? Ya yi jijjiga? Akwai wani a gidan, ko a tsangayar, ko a ɗakin kwanan makarantar, da ya kwanta da irin wannan? Tambayar da ta fi wuyar samun amsa ita ce ta maganin da aka riga aka sha, don mutane suna jin nauyin cewa sun biya ta kemis. Malamin da ya san aikinsa ba ya tsawa. Yakan sassauta murya ya ce, "Baba, ba laifi zan ɗora muku ba, ku dai nuna mini kwalin." Yana bukatar sani ne saboda ƙwaya biyu ko allura ɗaya ta kemis ba ta kashe cutar, amma tana iya ɓoye ta daga gwaji.

Daga nan sai hannu. Yakan kwantar da majinyaci rigingine, ya sa tafi ƙarƙashin ƙeya ya ɗago kai a hankali, yana neman haɓa ta taɓa ƙirji. Mai zazzaɓin sauro wuyansa kan lanƙwasu ko da yana kuka. Mai sanƙarau kuwa wuya ya ƙage, kafaɗu su taso tare da kan, wani lokaci gwiwoyi su naɗe da kansu. Amma wannan alama ce ta manya da yaran da suka tasa. Jariri yana iya cika da mugunya a ka wuyansa yana da laushi. Shi sai a shafa maɗiga a ji ko ta taso ta yi tauri, a tambayi uwa ko ya ƙi nono, a saurari kukansa. Uwar da ta ce "wannan ba kukansa ba ne" ta ba da shaidar da ta fi ta ma'aunin zafi, kuma bai kamata malami ya wuce maganarta ba. Akwai kuma ɗigo-ɗigon jinin da meningokokas ke fitarwa ƙarƙashin fata. Littattafan da aka rubuta a Turai sun cika da hotunansu a kan farar fata. A jikinmu ba sa fitowa haka, sai an janyo fatar ido an leƙa ciki, an duba tafin hannu da na ƙafa da ganɗa.

Tarkon da ya fi kama sabon ma'aikaci shi ne gwajin maleriya. Yaro ya zo a sume, an ɗiga jininsa a 'yar robar gwaji, layi biyu sun fito, sai a ce an gano. Alhali yara da yawa a yankin nan suna ɗauke da ƙwayar maleriya ba tare da ita ce ta kwantar da su ba, gwajin kuma kan ci gaba da nunawa makonni bayan an warke. Shi ya sa yaron da ya fita hayyacinsa da zazzaɓi, muddin ba a ga ruwan bayansa ba, ake haɗa masa maganin cututtukan biyu.

Ɗibar ruwan baya ita ce gundarin sana'ar, ita ce kuma jama'a suka fi tsoro. Wani likita Bajamushe, Heinrich Quincke, shi ya fito da dabarar a 1891, har yau kuma ba ta canza sosai ba. Ana kwantar da majinyaci ta gefe a bakin gado, a naɗe gwiwoyinsa zuwa ciki, don ƙasusuwan baya su buɗe. Mai riƙo ba ƙaramin aiki yake yi ba. Idan ya saki yaro ya motsa, allura ta kauce. Likita yakan laluba saman ƙashin ƙugu na dama da na hagu, ya ja layi a ransa daga wannan zuwa wancan, inda layin ya ratsa gadon baya nan ne wurin. Ya wanke da aidin, ya sa safar hannu, ya shigar da siririyar allura mai tsinke a cikinta, yana nufar cibiya. Ba ido ke gani ba, yatsa ke ji: taurin fata, taurin jijiya, sannan wani ɗan saki da ke nuna an shiga. Ya zare tsinken, ruwa ya fara ɗiga. Ba a zuƙo shi da sirinji, barinsa ake yi ya sauko da kansa cikin kwalba, abin da bai wuce cikin ƙaramin cokali ba. Wannan jin na yatsa ba a samunsa a littafi. Sai ka tsaya kusa da wanda ya iya, ka kalla, ka riƙe masa yara, sannan ya ba ka allurar yana tsaye a kanka.

Abin da ake faɗa a gari shi ne allurar baya tana gurgunta mutum, tana hana haihuwa, ko kuma wanda aka ɗebi ruwansa ba ya tashi. Ban ga laifin mai wannan tsoro ba, don yana da abin da ya gani: maƙwabcinsa ya kai ɗa, an yi allurar, da yamma aka dawo da gawa. Abin da bai lissafa ba shi ne kwanakin da yaron ya yi a gida kafin nan. Waɗanda ake yi wa allurar su ne mafiya jin jiki, shi ya sa mutuwa ke yawan biyo bayanta, a ɗora mata laifin da ba nata ba. Laka tana ƙarewa ne sama da wurin da ake sokawa. Ruwan kuma jikin babban mutum yana yin kusan rabin litarsa kowace rana, ɗan abin da aka ɗiba yana mayar da shi cikin ɗan lokaci. Likitan da bai iya zama da uba ya warware masa wannan da Hausar da zai gane ba, bai gama koyon aiki ba, ko da hannunsa bai taɓa kuskure ba. Ga kuma wata matsalar: lokacin sanƙarau shi ne lokacin cin rani, magidanta da yawa suna Kudu ko Abuja, sai uwa ta ce, "Likita, a bari in ji daga babansa." Ana iya jiran wayar uba kafin a ɗebi ruwa. Allurar magani ta farko kuwa ba ta jiran kowa.

Sanin lokacin da za a fasa allurar bayan ya fi sanin yin ta wuya. A ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai inda take haɗuwa da laka a cikin ƙeya, akwai wata 'yar gaɓa da ake kira tushen ƙwaƙwalwa. Ƙarama ce, amma daga nan ake sarrafa numfashi, bugun zuciya, haɗiya, motsin ido da farkawa daga barci. Idan kumburi ya yi yawa a cikin kai, ƙwaƙwalwa ba ta da mafita sai ramin da ke gindin ƙoƙon kai, ta nan take danno tushen. A irin wannan hali idan aka rage ruwa daga ƙasa, an buɗe mata hanya ke nan, numfashi yana iya tsayawa nan take. A Asibitin Koyarwa na Shika ana iya ɗaukar hoton kai a gani. A ƙauyen Ƙanƙara ko Sabuwa da tsakar dare, abin da malami ke da shi tocila ce. Yakan haska ido ya ga ko tsakiyar baƙin ɗaya ta fi ta ɗayan buɗewa ko ta ƙi tsukewa, ya kalli ƙirji ya ga ko numfashi na zuwa yana yankewa, ya ɗaga hannuwa biyu ya ga ko ɗaya ya faɗi a mace, ya ji ko bugun zuciya ya yi sanyi alhali jini ya hau. Idan ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, ko suma ta yi nisa, ba a zancen ɗibar ruwa. Ya ɗago kan gado, ya sa magani, ya fara neman mota.

Idan ruwan ya fito, likita yakan ɗaga kwalbar ya duba ta a haske. Na mai lafiya ba shi da bambanci da ruwan sha. Na mai sanƙarau yakan yi fari-fari kamar ruwan da aka wanke gero da shi, wani lokaci ma mugunya ce tsantsa, da ƙyar take bin allura. Amma kallo ba ya faɗin sunan ƙwayar, wannan aikin mai ɗakin gwaji ne, kuma dole kwalba ta isa gare shi cikin awa ɗaya, ba a kuma sa ta a firji, domin meningokokas ba ta jure sanyi. Yakan shafa ɗigo a gilashi ya rina, ya sa a madubin likita: ƙwayoyi bibbiyu manne da juna da suka ɗauki ja-ja, meningokokas ce; idan sun ɗauki shuɗi mai duhu, nimokokas ce. Ya ƙirga sojojin jinin da ke ciki, ya auna sukari wanda kan faɗi ƙasa, da furotin wanda kan hau. Sauran ruwan yakan zuba a wata kwalba ta musamman da ke riƙe ƙwayoyin da rai a kan hanya, jami'in sa ido ya ɗauka, har ta kai babban ɗakin gwaji na hukumar NCDC da ke Gaduwa a Abuja, inda ake tantance rukunin ƙwayar.

Maganin yau seftiriyazon ne, ta jijiya, ko ta tsoka idan jijiya ta ɓuya. Na yaro da nauyi ake auna shi, miligiram 100 kan kowane kilo a rana, shi ya sa sikeli ke cikin kayan aiki. A annobar meningokokas kwana 5 ake yi; nimokokas tana bukatar 10 zuwa 14. Tsakanin allura da allura kuwa majinyaci a hannun nas yake. Ita ke juya shi kada ya yi gyambon kwanciya, ta zura robar hanci don abinci tunda haɗiya ta gagara, ta duba sukari, ta daidaita ƙarin ruwa, ta tsayar da jijjiga. Ita ce kuma ke fama da dangi kada su cusa cokali a bakin mai jijjiga, ko su ɗura wa wanda ya suma manja ko rubutu, don huhu yake wucewa. Tofi da addu'a babu mai hanawa, nas ta gari ma ita za ta ce a yi. Ɗurawa ce ba a yarda da ita ba.

Kwana na uku ne ake gardama. Zazzaɓi ya sauka, yaro ya buɗe ido ya nemi koko, uba ya zauna ya lissafa: buhun masarar da ya ajiye don kuɗin taki ya tafi, akuya ta bi shi. Sai ya roƙi a sallame su. Ƙwayar kuwa ba ta gama mutuwa ba, kuma yaron da ya dawo karo na biyu ba kasafai yake dawowa da sauƙi ba. Idan hukuma ta ayyana annoba akan kawo magani kyauta, amma wanda ya kamu kafin a ayyana, ko wanda nimokokas ta kama a watan Yuli, aljihunsa ne zai ji. A ganina bai dace asibitin gwamnati ya miƙa wa uban yaron da ke jijjiga takarda ya ce je ka saya ba. Allurar farko a cikin akwatin gaggawa ya kamata ta kwana, a yi lissafi daga baya.

Kaɗan ne a yankin suka san cewa wani kaso mai tsoka na ilimin wannan sana'a a ƙasarsu aka samo shi. Tun a 1905 likitocin Turawan mulki suka rubuta rahoton ɓarkewar sanƙarau a Zungeru, a 1963 kuma likitan sojan Faransa Léon Lapeyssonnie ya zana iyakar yankin da annobar ke kewayawa, wanda a yau ake lissafa shi daga Senegal zuwa Habasha. Amma a Zariya ne, a shekarun 1970, aka yi wa ciwon karatun ta-natsu. Brian Greenwood da Hilton Whittle da abokan aikinsu a Jami'ar Ahmadu Bello sun gwada hanyoyin gane ƙwayar daga ruwan baya ba tare da jiran ta tsiro ba. A 1979 aka buga sakamakon gwajin da Dakta Sadiq Wali, wanda daga baya ya zama farfesa kuma likitan shugabannin ƙasa, ya yi tare da su, wanda ya tabbatar da cewa allura ɗaya tak ta kuloramfenikol mai mai tana iya warkar da mai sanƙarau na annoba. Ka auna abin da wannan ke nufi ga malami ɗaya da majinyata birjik a ƙarƙashin rumfa, wanda a da sai ya bi kowannensu da fenisilin dare da rana. Allurar man nan ita ta riƙe Afirka fiye da shekara ashirin, har wani gwaji da aka yi a Nijar a 2003 ya nuna seftiriyazon bai gaza ta ba.

Malumfashi kanta, tun kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina, ta karɓi wani shirin binciken cututtuka na haɗin gwiwar jami'ar da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool. Masu binciken sun yi ta bin mutane suna goge maƙogwaronsu da auduga, rani da damina, suna neman meningokokas. Suka tarar ƙwayar ba ta zuwa ko'ina idan ruwa ya sauka. Tana nan a maƙogwaron masu lafiya, tana bin tari da atishawa daga wannan zuwa wancan, ciwon ne kawai ke tsayawa. Ashe ba zafi ne ke haifar da cutar ba, duk da cewa haka muke faɗa. Abin da masana suka fi rinjaya a kai shi ne, busasshiyar iska da ƙura ne ke ƙeƙashe fatar maƙogwaro har ƙwayar da ke zaune lafiya ta sami kafar shiga jini, cunkoson ɗaki kuma ya taimaka mata yaɗuwa.

Ba kowane sanƙarau ne ke zuwa da gudu ba, kuma mai zuwa a sanɗa shi ya fi gwada ƙwarewar likita. Ƙwayar tarin fuka takan hau kai ta taru a gindin ƙwaƙwalwa, ta lulluɓe jijiyoyin da ke fitowa daga tushen. Yaro ya yi mako biyu ko uku da ɗan zazzaɓi, ya rame, ya daina wasa, ya yi ta barci, sannan wata rana ido ɗaya ya karkace ko fatar ido ta faɗo. A gida sai a ce iska ce ko sammu, a yi ta hayaƙi. Ruwan bayansa garau yake fitowa ko da ɗan rawaya, don haka wanda ya dogara da kallo kaɗai zai ce lafiya lau. Dole a tambayi wa ke tari a gidan, sau da yawa kuwa kaka ce ko kawu. Ana aika ruwan ga na'urar GeneXpert, amma ko ba ta nuna ba likita mai lura yakan fara magani, wanda yawanci na wata 12 ne, kuma kyauta ake ba da shi. Akwai kuma listeriya, wadda ake ɗauka ta abinci, musamman madarar da ba a tafasa ba. Ba ta da yawa, amma ta yi suna wajen kai hari kan tushen ƙwaƙwalwa: mutum ya fara ganin abu bibbiyu, baki ya karkace, tafiya ta koma tangaɗi. Seftiriyazon ba ya taɓa ta, sai amfisilin, shi ya sa ake haɗa biyun tun farko ga mai ciki, sabon jariri da tsoho.

Sana'ar nan tana ɗauke da wani tabo. A 1996 aka yi annobar da ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya kaɗai, ta kashe fiye da 11,000. A tsakiyarta ne kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a Asibitin Zana na Kano. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, 11 suka mutu, wasu suka tashi da naƙasa. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta laifi, a 2009 kuma ya yi sulhu da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Labarin ya kai kowane ƙauye. Malamin asibitin da ke Bakori a yau, wanda wataƙila ba a haife shi ba a lokacin, shi ke biyan wannan bashi duk sa'adda ya fito da allura, kuma ba shi da abin biya sai faɗin gaskiya: me zai yi, don me, ya kuma nuna wa uba kwalbar ruwan ya gani da idonsa.

Takardar da jami'in sa ido ke cikawa, wadda wasu ma'aikata ke ɗauka ƙarin wahala ce, ita ce ke kawo rigakafi. Idan a mako ɗaya aka sami mutum 3 cikin kowane 100,000 a wani yanki, an shiga shirin ko-ta-kwana. Idan suka kai 10, annoba ce. Rumbun rigakafin duniya da aka kafa a 1997 kuma ba ya sakin allura sai gwaji ya nuna rukunin ƙwayar. Katsina tana cikin jihohin farko da aka yi wa allurar MenAfriVac a ƙarshen 2011, kuma rukunin A, wanda ya yi ɓarnar 1996, ya kusan ɓacewa. Sai rukunin C ya taso. Annobar da ta fara a Zurmi ta Jihar Zamfara a Disamban 2016 ta bazu zuwa Sakkwato da Katsina da wasu jihohi; zuwa Yunin 2017 an lissafa mutum 14,518 da ake zargin sun kamu, 1,166 suka rasu. Waɗanda aka gwada ruwan bayansu ba su kai kashi 10 cikin 100 ba, gangamin rigakafi kuma bai kankama ba sai Afrilu. Ni dai ina ganin na farkon yana cikin abubuwan da suka jawo na biyun: kwalbar da ba a ɗiba a ƙauye ba, allura ce da ba za ta iso ba. A Maris 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta yi amfani da sabuwar allurar Men5CV, mai kare rukuni biyar a haɗe, A, C, W, Y da X. Babbar nasara ce, amma ba ta kare mutum daga nimokokas ko tarin fuka, don haka masu ɗibar ruwan baya suna da sauran aiki.

Yanzu kuma ga rashin tsaro. A sassan Faskari, Sabuwa, Ɗandume da Ƙanƙara ba kowa ke iya fita da dare ba, waɗanda suka gudo daga ƙauyuka kuma sun cunkusu a gidajen 'yan'uwa cikin gari. Yaron da ya fara jijjiga bayan isha'i sai ya jira asuba. Wannan ya ƙara mayar da nauyi kan malamin ƙauye, domin allurar da ya yi kafin ya tura majinyaci gaba ita ce sau da yawa ke kai yaron Funtuwa da rai. Daga Disamba zuwa Yuni bai kamata akwatinsa ya kwana babu seftiriyazon ba.

Aikin bai ƙare da sallama ba. Kumburin yakan lalata can cikin kunne, kuma kurmancin sanƙarau yawanci ba ya warkewa. Wasu kan tashi da farfaɗiya, ko shanyewar sashe, ko nauyin karatu. Jariri kuma kansa yakan yi ta girma saboda hanyar ruwa ta toshe. Likita mai kula ba ya sallamar yaro sai ya tsaya bayansa ya kira sunansa a hankali, ta dama da ta hagu, ya ga ko ya waiga, sannan ya sa ranar dawowa cikin wata guda don gwajin ji na sosai. Yaron da ya kurumce bayan ya iya magana yana iya riƙe maganarsa idan aka ci gaba da yi masa ita fuska da fuska, aka kuma sa shi makaranta da wuri, a Malumfashin nan kuwa gwamnatin jiha take da makarantar kurame. Abin takaici ne yaro ya tsira da wannan wahala, sannan a bar shi a zaure ana ce masa bebe.

Mai karatu, idan wani naka ya tashi da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai yana gudun haske, ko jariri ya ƙi nono maɗigarsa ta taso, kada ka biya ta kemis, kada kuma ka jira wuya ya ƙage. Ka kai shi asibiti mafi kusa a ranar, ka tafi da kwalin duk abin da ya sha, idan kuma likita ya ce zai ɗebi ruwan baya, ka yarda.